Shafaffe, mai tsatsa ko mai ƙyalli: zaɓen tsohon kwabo a Legas

A kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, wadda aka fi sani da kasuwar Jakande, akwai wani dattijo mutumin Arewa da nake leƙawa wurinsa duk Asabar ɗin da na samu sarari. Fatu yake sayarwa da duwatsun wuya da tsofaffin mundaye, amma a ƙarƙashin teburinsa yana da wata tasa cike da tsofaffin sulalla. Ran nan bayan mun gaisa ya tsamo kwabo uku ya jera mini a kan ƙyalle. Duka ukun iri ɗaya ne, kwabo mai huji na 1952, da kambin sarauta da sunan Sarki Joji na Shida a fuska ɗaya, da tauraro mai tsini shida a ɗaya fuskar. Shekara ɗaya, ƙarfe ɗaya, amma in ka gan su ba ka cewa gida ɗaya suka fito.

Na farko ya sha hannu. 'Yan duwatsun da ke jikin kambin sun shafe, layukan tauraron sun yi faɗi, amma rubutu duk yana karantuwa, launinsa kuma ɗaya ne daga baki zuwa baki, ruwan ƙasa mai duhu kamar busasshen dabino. Na biyu zanensa garau yake, kana ƙirga kowane ɗigo a kambin, sai dai kusa da hujin akwai wani tabo kore mai haske kamar garin kuka, da 'yan ramuka kewaye da shi. Na uku yana ɗaukar ido tun daga nesa, ja-wur, kamar yau aka buga shi.

"Malam, zaɓi naka," in ji dattijon. "Wannan mai hasken shi baƙi suke fara ɗauka."

Na ce, "Baba, wannan ai an yi masa wanka."

Ya ce, "Yaron shago ne. Tsamiya da toka ya sa masa kafin in ankara."

Kuɗin da ya sa wa na ukun ya fi na sauran, na biyu na bi masa, na farko shi ne mai araha. Ni kuwa a lissafina jerin a juye yake, kuma dalilin haka ne ya sa na zauna rubuta wannan, domin duk mai tara tsofaffin kuɗin jan ƙarfe a garin nan zai ci karo da zaɓin nan ba sau ɗaya ba.

Sai an fara sanin wane kwabo ake nufi. Sunan kwabo daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe ya fito, saboda kwabon Ingila da ya fara yawo a bakin teku ja ne. Amma kwabo mai huji da aka fara bugo mana a 1907 fari ne, haɗin jan ƙarfe da nikel, kuma haka ya ci gaba har 1952, lokacin da aka mai da anini, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, da ɗari, wato rabin kwabo, da kwabon kansa na tagulla. A 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, aka fito da ɗari da kwabo na Tarayyar Nijeriya, su ma na tagulla masu huji. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta shigo, da rabin kwabo mai hoton auduga da kwabo ɗaya mai hoton hasumiyar haƙar mai. Idan ka haɗa da kwabon Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, wanda daga 1860 aka riƙa yin sa da kashi 95 cikin ɗari jan ƙarfe, 4 kuza, 1 tutiya, to waɗannan ne jajayen da za ka fi samu a tasoshin Legas. Jajayen kwabban da aka fito da su a 1991 kuwa baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. Kai musu maganaɗisu za su manne, na 1973 ba ya mannewa.

Shafewa ba lahani ba ce. Kwabo don yawo aka yi shi, daga hannun mai ƙosai zuwa aljihun ɗan dako zuwa asusun yaro, kuma kowane hannu yana ɗan cin tudun zanen. Masu tara kuɗi a duniya sun daɗe da yi wa wannan ma'auni. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara matakai daga 1 zuwa 70, kuma don manyan kwabban jan ƙarfe na farkon Amurka ya tsara su. Da su ne kamfanonin tantance kuɗi irin PCGS da NGC suke aiki har yau. Abin lura a aikinsu shi ne, kwabon da ya shafe sosai amma jikinsa lafiya suna ba shi lamba, ko da ƙarama ce. Wanda aka goge, ko tsatsa ta ci, ko aka huda, ba sa ba shi lamba komai kyan zanensa, sai su rubuta aibin a takardar da ke tare da shi. Ƙungiyar masu tara tsofaffin kwabban Amurka, Early American Coppers, tana da tata hanyar da ta fi kwanta mini a rai: a fara duba kaifin zane a ba shi matsayi, sannan a riƙa ragewa gwargwadon kowane aibi, abin da ya saura shi ne matsayinsa na gaskiya. Da wannan hanyar kwabo na biyu a ƙyallen Baba zai fara daga sama ya gangaro ya wuce na farko zuwa ƙasa.

Mu a nan ba mai kai kwabon 1952 waje a tantance, kuɗin aikawa kaɗai ya ninka darajarsa sau da yawa. Idonka ne kamfaninka. Kwabbanmu masu huji ba su da hoton kan sarki, don haka ba gashi ko kunci da za a duba kamar a na Biktoriya. Kambi ake dubawa, sai gefunan haruffa, sai rubutun Larabcin da ke faɗin darajar kuɗin, sai layukan tauraro. In waɗannan sun yi laushi daidai wa daida, to shekaru ne kawai suka yi aikinsu.

Babban abin da ya raba na farko da na biyu shi ne, shafewa ta tsaya tun ranar da aka daina kashe kwabon, tsatsa kuwa tana kan tafiya. Launin ƙasa-ƙasa da ke jikin tsohon jan ƙarfe wata siririyar fata ce da iska ta gina a hankali, kuma tana kare abin da ke ƙarƙashinta. Akwai ma koren da ba ya cutarwa, mai duhu, mai tauri, mai santsi, wanda ya zauna daram kamar fenti, irin wanda ake gani a abin da ya daɗe a binne. Wanda ake tsoro shi ne kore mai haske mai gari. Gishiri ne ya shiga jikin ƙarfen, in ya samu laima da iska sai ya haifar da asid, asid ɗin ya ci sabon wuri, sabon wurin ya sake haifar da wani. Ka share garin yau, bayan 'yan makonni ya dawo, ramin da ke ƙarƙashinsa ya ƙara zurfi. Garin kuma yana zuba a kan maƙwabtansa a cikin tasa. Gwajinsa ba wuya: ka sa tsinken sakace ka ɗan taɓa a hankali. Lafiyayyen kore ba ya motsi, mai cutar sai ya marmashe.

Ciwon nan ba ya lafawa sai laimar iska ta sauka ƙasa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya zauna a Legas ya san ba mu cika ganin haka ba sai 'yan kwanakin hunturu. Ga teku, ga tafki, ga ruwan Yuni da ke kwana yana zuba, har takalmin fata yana fumfuna a cikin ɗaki. Shi ya sa in aka ce mini wannan kwabon daga adakar wata tsohuwa a Katsina ko Gusau ya fito, nakan ga alamar haka a jikinsa, busasshe, launi a kwance. Wanda ya shekara hamsin a Isale Eko ko Ajegunle sau da yawa fatarsa ta yi zanzana. Da a Kano nake zaune, wataƙila da na yi kasadar sayen na biyun in yi jinyarsa, don rani zai taya ni. A nan iskar gari tana bayan cutar ne, ba ta bayana.

Ko an kashe cutar ma, ramukan ba sa cikowa. Ƙarfen da ya tafi ya tafi.

Na uku shi ne ya fi ba ni takaici, domin kafin a taɓa shi mai yiwuwa shi ne ya fi duka kyau. A gidajenmu an saba wanke tasoshin tagulla da tsamiya ko lemun tsami da toka, kuma ga tasa hakan daidai ne. Ga kwabo kuwa, garin gyaran gira ne a rasa ido. Tsami yana cinye fatar nan mai karewa, toka ko man goge ƙarfe kuma su karce saman. Sheƙin sabon kwabo daga bugu yake fitowa: lokacin da hatimin ƙarfe ya danne shi da ƙarfi, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki ya bar layuka ƙanana da ido ba ya gani. Su ne suke sa haske ya riƙa zagayawa in ka karkata kwabon a ƙarƙashin fitila, kamar hannun agogo. In aka goge su, ba mai dawo da su. Hasken gogaggen kwabo a tsaye yake wuri ɗaya, launinsa ya yi fari-fari ko ruwan hoda, in ka sa madubin ƙara girma za ka ga karce-karce duk sun nufi gefe guda. Wata alamar kuma: zane ya shafe amma jiki na walƙiya. Kwabon da ya yi yawon da zai cinye kambinsa ba zai taɓa zama ja da kansa ba. Sau da yawa ma za ka tarar da baƙin datti maƙale a lungun haruffa inda tsumma bai kai ba.

Gogaggen kwabo zai sake yin duhu, amma ba daidai ba, sai dabbare-dabbare. Kuma tunda an tuɓe masa riga, shi ne zai fara kamuwa a damina. Kyan ɗan maciji ke nan.

Akwai jan gaskiya, kuma yana da daraja. Kamfanonin tantancewa suna raba sabon jan ƙarfe gida uku: ja, ja da ƙasa-ƙasa, sai ƙasa-ƙasa zalla, kuma ja ya fi tsada nesa ba kusa ba. A Legas har yanzu ana samun kwabon 1973 da bai taɓa shiga kasuwa ba, wanda wani tsohon ma'aikaci ya ajiye a ambulan ya manta. Na taɓa mallakar guda shida irinsu. Na sayi wani kundin ajiye sulalla mai aljihunan roba mai laushi a wani shagon kayan rubutu, na jera su, na sa a durowa a ɗakina a Agege. Damina ɗaya suka yi. Da na buɗe a watan Agusta sai na ga wani kore mai danƙo ya bi gefunansu, robar ma ta yi maiƙo. Irin robar nan mai laushi ana zuba mata sinadarin da ke hana ta tauri, zafi da laima suna fito da shi ya zauna a kan ƙarfe. Tsantsar asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da maiƙo, ta cire danƙon, amma huɗu daga ciki sun riga sun yi tabo, ɗaya kuma har yau da zanen yatsana a fuskarsa, domin gumin hannu ma gishiri ne. Abin ya dame ni ƙwarai, don sun shekara fiye da arba'in lafiya kafin su zo hannuna.

Tun daga nan, in an ajiye mini ja da ƙasa-ƙasa masu kaifin zane iri ɗaya, nakan tambayi kaina ko ina da wurin da zan riƙe jan. In kana da akwati mai rufuwa ruf, da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, kuma za ka riƙa canja su, to sayi jan. In a durowa zai zauna, ƙarin kuɗin da ka biya don launi zai bi iska cikin shekara biyu ko uku, ka koma riƙe da ƙasa-ƙasa da ka saya da tsadar ja.

Sauran lahanin ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a nan ne masu farawa suke yawan ruɗewa, ko su ƙi komai ko su karɓi komai. 'Yar lotsawa a baki, irin ta faɗuwa a siminti, ba ta hana ni saye in ba ta kai ga haruffa ba. Tsohon karce da ya yi duhu ya saje da launin jiki ya fi sabon karce mai haske sauƙi. Wurin da abin yake ma yana da muhimmanci: karce a filin da ba zane wani abu ne, karce a kan shekara ko a fuskar Sarauniya wani abu ne daban, don nan ido yake fara sauka. Lanƙwasa kuwa babba ce, in aka yi ƙoƙarin miƙewa da guduma sai a ƙara ɓatawa.

Huji yana buƙatar a tsaya a kansa. A kwabbanmu hujin na gidan buga kuɗi ne, don a zura su a igiya, saboda haka ba aibi ba ne. Amma a duba bakinsa. Wani igiya ta ci shi ya zama kamar ƙwai, wannan shafewa ce, ana yafewa. Wani kuwa an yi masa aikin washa, an zura ƙusar rufin kwano a hujinsa an buga, hujin ya buɗe, ga zoben kan ƙusa ya kwanta a kewaye, kwabon ya ɗan loɓa kamar murfin kwalba. Wannan ya tashi daga kuɗi ya koma kayan gini. Kwabon Biktoriya kuma ba a yi shi da huji ba, duk wanda ka gani da shi wani ne ya huda don ratayawa. A kasuwar masu tarawa darajarsa ta faɗi warwas. Duk da haka ina da guda ɗaya irinsa na 1890 da ba zan rabu da shi ba, domin a wuyan kakata na san shi. Wannan lissafi ne na daban, kuma bai kamata mai sayarwa ya caje ka kuɗin tarihin da ba naka ba.

Yaushe ake karɓar mai lahani da hannu biyu? In abin ba ya samuwa. Kwabon 1959 da na 1973 an buga su da yawan gaske, don haka ba dalilin sayen mai tabo; ka yi haƙuri, mai kyau na nan tafe a wata tasar. Amma akwai kwabon 1956 da aka yi kuskure a gidan bugu aka haɗa shi da tsohon hatimi, ya fito da sunan Sarki Joji na Shida alhali ya rasu tun Fabrairun 1952. In na ci karo da shi, ko da lotsawa ko da karce, zan saya, da babu gara ba daɗi. Ko mai koren gari ne zan saya, in ware shi shi kaɗai in yi jinyarsa. A kuma duba ƙananan haruffan da ke nuna inda aka buga, H na Heaton ko KN na King's Norton, duka a Birmingham ta Ingila, domin shekara ɗaya tana iya zama mai yawa da wannan harafi, mai wuya da wancan. Na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta a shekarar, ana yawan zuga shi a kasuwa. Labarinsa gaskiya ne, amma fari ne ba ja ba, kuma an buga shi da yawa, kada a sa ka biya kuɗin abin da babu.

Sai abin da ba ya aunuwa da lamba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kwabo biyu za su zo daidai a kaifin zane, ba mai aibin da za ka nuna da yatsa, amma ɗaya ka kasa ajiye shi, ɗayan ka manta da shi nan take. In na bincika abin da ke jawo haka, kusan kullum abu uku nake tararwa: launi ɗaya ba dabbare-dabbare, fata mai santsi da ɗan maiƙon haske, da bugu da ya zauna a tsakiya har hujin bai karkata ba. Yadda nake yi shi ne in riƙe kwabon ta baki, in miƙa hannu in dube shi daga nesa tukuna, a hasken rana a bakin rumfa, ba a ƙarƙashin farin ƙwan shago ba. Abin da idona ya fara faɗa wa shi ne abin da idon mai saye na gaba zai fara faɗa wa. In tabo ne, to kullum tabon zan riƙa gani. Bayan nan ne nake fito da madubi. Wanda ya fara da madubi yakan ƙi kwabo mai kyau saboda ɗigon da ba a gani, ya kuma sayi mummuna saboda kambinsa ya cika. Hoton waya ma ba abin dogara ba ne, musamman wanda aka shafa wa kwabon mai kafin a ɗauka, don mai yana ɓoye ramuka. In ta WhatsApp aka turo maka, nemi bidiyo ana juya shi a rana.

Ranar dai na farkon na ɗauka. Baba ya dube ni ya ce, "Malam, mai arahar ka zaɓa."

Na ce, "Shi zai kai wa jikokina, Baba. Amma don Allah a raba wannan mai koren da sauran, kada ya shafa musu."

Ya yagi takarda ya naɗe shi shi kaɗai, ya kira yaron shagon ya nuna masa na ukun, ya ce daga yau kada tsamiya ta sake kusantar tasar nan. Nawa kuma da na isa gida ban yi masa komai ba illa ɗauraya da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba asid ɗin ba. Na dangwale shi da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba, na bar shi ya bushe sarai, na sa shi a 'yar ambulan ta takarda, na rubuta 1952 a bayanta, na jefa sabon ƙullin shan laima a akwatin kafin in rufe.